Haƙuri da Bangaskiya a Bakin Kwara: Kiristocin Ƙasar Yauri da Shigowar Sabuwar Shekara

1.0 Gabatarwa

A daren 31 ga watan Disamba na kowace shekara, majami'un da ke Yelwa da Wara da ƙauyukan da ke kewaye da tafkin Kainji sukan cika da jama'a, a raba dare ana waƙa da addu'a har sabuwar shekara ta shigo. Da yawa daga cikin masu wannan taro ba Hausawa ba ne a asali. Kambari ne, da Dukkawa, da Gungawa, da baƙin da neman abinci ya kawo daga wasu sassan Nijeriya. Duk da haka, a majami'un karkara da Hausa ake huɗuba, da ita ake waƙa, da ita kuma ake yi wa juna barka.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan al'ada ta fuskar tarihi da harshe. Za a yi ƙoƙari a nuna cewa kalmomin da waɗannan mutane suke ƙarfafa wa junansu zuciya da su a farkon shekara, watau haƙuri da jimiri da bangaskiya da bege, sun sami nauyinsu ne daga tarihin ƙasar kanta, domin ƙasa ce wadda aka sha tayar da mutanenta daga mazauninsu, su kuwa suka sha komawa su sake gini.

2.0 Ƙasar da Mutanenta

Masarautar Yauri tana kudancin Jihar Kebbi, jihar da aka ƙirƙiro a 1991, kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku: Yauri da Ngaski da Shanga. Tsohuwar daula ce, har ma tarihin gargajiya yakan lissafa ta cikin Banza Bakwai. Sarautarta ta Hausawa ce, Musulunci kuma ya daɗe a fadarta, amma talakawanta ƙabilu ne iri-iri. Akwai Gungawa, masu kiran kansu Reshe, waɗanda sunansu na Hausa ya samo asali daga "gungu", watau tsibiri, saboda a tsibiran Kwara suke zaune. Akwai Kambari, musamman a wajen Ngaski, tsohuwar ƙasar Maginga. Akwai Shangawa daga arewa, da Lopawa da Larawa a gaɓar kogi, da kuma Dukkawa ta wajen gabas.

Ƙarni na 19 bai zo wa wannan ƙasa da daɗi ba. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, wanda shi kansa ɗan Ngaski ne, ya yi nazarin yadda rigingimun gidan sarauta suka raunana daular a wancan zamani. Da Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora, sai hare-haren kamun bayi suka addabi ƙasar Kambari, abin kuma ya tsananta a zamanin ɗansa Ibrahim, har zuwa 1901 lokacin da Turawa suka ci garin. Ƙauyuka da dama suka watse, waɗansu mutane suka hau duwatsu, waɗansu suka fake a tsibirai. Ita kanta fadar ta bar Birnin Yauri, ta zauna tsibiri na wani lokaci, kafin Sarki Abdullahi Abarshi ya kafa ta a Yelwa a 1888. Ke nan tun kafin mai bishara na farko ya taka ƙasar, mutanenta sun san gudun hijira, sun kuma san yadda ake kafa sabon gari a kan kufai.

3.0 Shekara Uku a Ƙasa Ɗaya

Kafin a fahimci matsayin watan Janairu a wurin Kiristocin Yauri, ya kamata a lura cewa lissafin shekara iri uku ne suke gudana tare a ƙasar.

Na farko, kuma mafi tsufa, shi ne lissafin damina da kogi. Kwara yakan cika sau biyu a wannan yanki. Cikar farko, wadda ake kira farin ruwa, tana zuwa ne da ruwan daminar gida, wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwan ya yi fari saboda laka. Ta biyu ita ce baƙin ruwa. Shi ruwan sama ne da ya sauka a duwatsun ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a can, sa'an nan ya iso Yauri a tsakiyar rani. Saboda haka Bagunge yakan ga kogi yana tumbatsa a lokacin hunturu, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka a garinsu ba. A kan wannan tsari aka gina noman albasa da gero da shinkafa da kamun kifi, a kansa kuma bukukuwan gargajiya da kokawa suke tafiya.

Na biyu shi ne lissafin Hijira, wanda shekararsa take kamawa da watan Muharram, wanda Hausawa suke kira watan Cika-ciki. Shi ne lissafin fada da malamai da fatake.

Na uku shi ne na Miladiyya. Shi wannan da tutar Turawa ya shigo: ran 1 ga Janairu 1900 Lugga ya kafa mulkin Ingila a Arewa a garin Lokoja, ran 1 ga Janairu 1914 kuma aka haɗe Kudu da Arewa. A wurin talakan Yauri na wancan lokaci, Janairu watan takardun Joji ne da na En'e, ba shi da wata alaƙa da ibada. Majami'a ce ta mai da shi lokacin tsayuwa a gaban Allah. Raya daren ƙarshen shekara da addu'a al'ada ce da ta yi ƙarfi a Ingila tun ƙarni na 18 ta hannun John Wesley da mabiyansa, waɗanda su ma daga 'yan ɗariƙar Morabiya suka gano ta. A wajen Katolika kuwa, ranar 1 ga Janairu idi ce ta tunawa da Maryamu, kuma tun daga 1968 Paparoma Bulus na Shida ya mai da ita ranar addu'ar zaman lafiya ta duniya.

Abin da ya sa al'adar ta zauna daram a Yauri shi ne ta yi dace da lissafin farko. A ƙarshen Disamba an gama kaka, an san abin da ya shiga rumbu da abin da bai shiga ba. Manomi ya riga ya yi wa shekararsa hisabi, saura ya faɗi sakamakon a gaban Mahaliccinsa da 'yan'uwansa.

4.0 Zuwan Mishan

Bayan cin Sakkwato a 1903, Lugga ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulmi ba. Wannan ya sa aka daɗe ana taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, aka fi ba su izini su zauna cikin ƙabilun da suke bin addinin gargajiya. Ta wannan ƙofa ce Kiristanci ya kusanto Yauri.

Ƙungiyar da ta fara aiki a yankin ita ce United Missionary Society, wadda ta fito daga Amurka da Kanada. Wani ɗan Kanada, A. W. Banfield, shi ya kafa tasharta ta farko a Tsonga ta ƙasar Nufe a 1905. Daga can aikin ya hauro arewa: aka buɗe tashar Salka a tsakiyar Kambari a 1923, ta Zuru a 1925, daga baya kuma aka kafa tasha a Yelwa da asibiti a Tungan Magajiya. A tsakiyar shekarun 1950 majami'un da suka fito daga wannan aiki suka zama ikkilisiya mai sunan United Missionary Church of Africa, wadda aka fi sani da UMCA.

Katolika sun zo daga baya. A 1953 aka keɓe yankin Sakkwato aka danƙa shi ga limaman ɗariƙar Dominikan daga Amurka, ƙarƙashin Edward Lawton, wanda ya zama bishop na farko a 1964. Yelwa tana cikin tashoshinsu na farko-farko. Ɗaya daga cikin limaman, Ceslaus Prazan, ya wallafa littafi a kan al'adun Dukkawa a 1977. A 1995 aka yanke yankin Kontagora, wanda ya haɗa da Yauri, aka ba shi shugabancin kansa ƙarƙashin Timothy Carroll, ya kuma zama cikakken dayosis a 2020.

Muhimmin abu ga mai nazarin harshe shi ne cewa dukan ɓangarorin biyu da Hausa suka yi aiki. Harsunan ƙasar suna da yawa, Kambarci kaɗai ya rabu gida-gida, ga shi kuma babu rubutu a cikinsu a lokacin. Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa, kuma tun 1932 an buga cikakken Littafi Mai Tsarki a cikinta, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a kai. Da Hausa aka horar da masu bishara a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Salka, da ita aka koya wa manya karatu, da ita kuma aka rera waƙoƙin sujada. Saboda haka Bakambaren da ya bar tsafin Magiro ya shiga majami'a, ya ƙara shiga cikin Hausa ne, kamar yadda ɗan'uwansa da ya musulunta ya shiga. Sai daga shekarun 1990 aka dage da rubuta harsunan Kambari da fassara Sabon Alkawari a cikinsu.

Masu bi na farko ba su sami abin da sauƙi ba. A al'ummar da noma da aure da jana'iza duk suke rataye a kan dangi da tsafin kakanni, wanda ya ƙi ba da kason hadaya kamar ya sare reshen da yake zaune a kai ne. Yana iya rasa masu zuwa gayyarsa, ko a hana shi matar da ya yi wa noman surukai. Dole ikkilisiya ta zama masa dangi na biyu, 'yan majami'a su yi wa juna gayya, su ɗauki nauyin mara lafiya, su binne mamacinsu. Daga nan ne kalmar "zumunta" ta sami girman da take da shi a bakin Kirista, har ƙungiyar mata ta zama Zumuntar Mata.

5.0 Shekarar da Ruwa Ya Ci Ƙasa

Babu wata sabuwar shekara da ta zo wa mutanen gaɓar Kwara da nauyi kamar ta 1969. An fara gina madatsar Kainji a 1964. A watan Agusta na 1968 aka toshe ruwa, tafki ya fara cika, har ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 1,270, tsawonsa kuwa ya haura kilomita 130, daga Kainji har ya doshi Yelwa. Mutane kimanin 44,000 aka tayar daga ƙauyuka da tungaye fiye da 200 a ƙasashen Yauri da Borgu da maƙwabtansu. Tsohuwar Busa ta nutse, babban tsibirin Foge ya shige ƙarƙashin ruwa, haka ma tsibiran Gungawa masu yawa. A watan Fabrairu na 1969 Janar Yakubu Gowon ya buɗe madatsar.

Gwamnati ta gina wa mutanen sababbin gidaje na siminti, amma gida ba gini ba ne kaɗai. Tsarin ɗakunan bai dace da zaman iyali irin nasu ba, har da yawa suka ƙara ɗakunan laka a gefe, waɗansu ma suka bar gidajen. Fadamun albasa da aka gada kaka da kakanni sun tafi, mutumin da ya saba da ban-ruwa a bakin kogi ya koma noman tudu. Kaburburan iyaye da wuraren tsafi duk ruwa ya rufe su. Kifi ya yi yawa a shekarun farko na tafkin, masunta suka yi ta kwararowa daga nesa, amma kafin ƙarshen shekarun 1970 kamun ya ragu ƙwarai.

Wannan ƙaura ta taɓa addini kai tsaye, domin addinin gargajiya na yankin a ɗaure yake da wurare: wannan dutse, wancan kurmi, waccan tsamiya. Da wuraren suka nutse, sai mutane suka fi karkata ga addinan da ake iya ɗauka a tafi da su ko'ina. Masanin al'adu Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yauri a farkon shekarun 1970, ya nuna yadda Gungawa suke rikiɗa su zama Hausawa Musulmi, kuma lalle mafi yawansu wannan hanya suka bi. Kaɗan ne suka shiga Kiristanci, Kirista kuma marasa rinjaye ne a masarautar.

Ita ma majami'a tana cikin nata halin a lokacin. Rikicin 1966 ya sa mutanen Gabas sun bar Arewa, su ne kuwa mafi yawan masu cika majami'un Katolika a garuruwan lardin Sakkwato. Yaƙin basasa bai ƙare ba sai a watan Janairu na 1970. Wannan ya tilasta wa limamai su mai da hankali ga 'yan ƙasa da horar da katikis masu jin Hausa. A ɗaya ɓangaren kuma, shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda aka fara a Arewa a farkon shekarun 1960, ya koya wa talakawan masu bi su riƙa taruwa ƙungiya-ƙungiya suna addu'a ba sai fasto yana nan ba. Ke nan ikkilisiyar ƙauye ta koyi tsayawa da ƙafafunta ne daidai lokacin da ƙasar da take tsaye a kai take canzawa.

6.0 Kalmomin Daren Sabuwar Shekara

Tsarin taron daren ba shi da wuya. Akan yi waƙoƙi, mata suna kaɗa tulu da caki, a karanta Zabura ko wani sashe na Littafi, a ba mutane dama su tashi su ba da shaidar abin da ya same su a shekara, a tuna da waɗanda suka rasu, sa'an nan a durƙusa a shiga sabuwar shekara da addu'a. Kalmomi huɗu ne suka fi yawo a wannan dare.

Ta farko ita ce "haƙuri". Wannan kalma ta kowa ce, da Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya. A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa a kan mutumin kirki wadda aka buga a 1974, ya sa haƙuri cikin manyan halayen da Bahaushe yake auna mutum da su. Karin magana ma ya tabbatar: haƙuri maganin zaman duniya, mahaƙurci mawadaci, mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Annabi Ayuba kuwa, wanda ake buga misali da shi, sananne ne a masallaci da majami'a. Saboda haka idan Kirista ya je ta'aziyya gidan maƙwabcinsa Musulmi a Yelwa, ba ya bukatar tafinta.

Ta biyu ita ce "jimiri", tare da 'yan'uwanta "juriya" da "dauriya". Bambancinta da haƙuri shi ne, haƙuri yana iya zama na zaune, amma jimiri na mai tafiya ne da kaya a ka. Wanda ruwa ya cinye wa gona aka ce masa ya yi haƙuri, an lallashe shi. In aka ce ya jimre, an ce masa ya nemi iri ya sake shuka.

Ta uku ita ce "bangaskiya". Ginin kalmar a fili yake: "ban" daga "ba da", sai "gaskiya". Masu fassara sun fi son ta a kan "imani", wadda ta zo daga Larabci, har ta zama alamar Hausar majami'a. Tana ɗauke da ma'anar miƙa amana ga wani, irin yadda mai shiga jirgin ruwa yake ba da gaskiya ga matuƙi tun bai ga ɗaya gaɓar ba.

Ta huɗu, "bege", ita ce ta fi ban sha'awa. A Hausar yau da kullum bege shi ne kewa da shauƙin wanda ba ya kusa, shi ya sa ake kiran waƙoƙin yabon Annabi waƙoƙin bege. A bakin Kirista kuwa kalmar ta juya ta fuskanci gaba, ta zama tsammanin alherin da Allah ya alkawarta. Sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito wajen 1980 ta fi amfani da "sa zuciya" a wannan gurbi, amma "bege" ta zauna a huɗuba da waƙa. Ga mutanen da garuruwansu suke ƙarƙashin tafki, ma'anonin biyu sun haɗu a kalma guda: kewar abin da ya wuce da sauraron abin da ke tafe.

7.0 Jarrabawar Wannan Zamani

Shekarun baya-bayan nan sun sake gwada waɗannan kalmomi. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya kife a kusa da Wara, kaɗan ne suka tsira. Makonni uku bayan haka, ran 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, Musulmi da Kirista. Sai a 2023 aka sako 'yan matan da suka rage, bayan iyayensu sun kafa kwamiti sun yi ta neman taimakon jama'a. Ran 21 ga Nuwamba 2025 aka sace ɗalibai da ma'aikata fiye da 200 daga makarantar Katolika ta St. Mary da ke Papiri, a tsallaken ruwa cikin Jihar Neja, ƙarƙashin dayosis ɗin Kontagora wanda Bishop Bulus Dauwa Yohanna yake shugabanta. An sako rukunin ƙarshe ana saura kwana kaɗan Kirsimeti. Murnar ba ta daɗe ba, domin ran 3 ga Janairu 2026 aka kai hari Kasuwan Daji ta ƙasar Borgu, aka kashe mutane fiye da 30.

A nan ne ya kamata a yi hattara da kalmar haƙuri. Sau da yawa ita ce abin da masu iko suke miƙa wa talaka a maimakon hakkinsa. An ce da waɗanda aka tayar a 1968 su yi haƙuri saboda ƙasa ta sami lantarki, ƙauyukansu da yawa kuwa suka yi shekaru da yawa cikin duhu. Haƙurin da tarihin nan ya nuna ya sha bamban da wannan. Iyayen Birnin Yauri da na Papiri sun yi addu'a, amma sun kuma yi magana, sun ƙirga 'ya'yansu, sun buga ƙofofin hukuma. Hausawa da suka ce haƙuri maganin zaman duniya, su ne kuma suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka.

8.0 Kammalawa

An ga cewa raya daren sabuwar shekara baƙuwar al'ada ce a ƙasar Yauri, wadda ta zo tare da mishan a ƙarni na 20, amma ta tarar da mutanen da suka riga suka san ƙaura da sake gini tun zamanin Nagwamatse. An kuma ga cewa Hausa ce ta ba su kalmomin da suke fassara wahalarsu da su, waɗansu kalmomin sun yi tarayya da maƙwabtansu Musulmi a kai, waɗansu kuma majami'a ta ba su sabuwar ma'ana. Akwai aiki a gaban masu nazarin harshe da tarihi: dattawan da suka ga cikar tafkin da idonsu suna ƙarewa, kuma waƙoƙin Zumuntar Mata da shaidun da ake bayarwa a daren 31 ga Disamba adabin baka ne da ya cancanci a ɗauka a adana, cikin Hausa da cikin harsunan Reshe da Kambari, tun masu shi suna raye.